Wayarka Taka Ce, Allon Bango Na Kowa Ne

A filin jirgin saman Detroit, can ƙasar Amurka, akwai wani ƙaton allo da kamfanin jiragen sama na Delta ya kafa a watan Yunin 2022. Fasinjoji har ɗari suna iya tsayawa a gabansa lokaci guda, kowa ya ɗaga kai, amma ba wanda zai ga abin da ɗan'uwansa yake gani. Wannan zai ga sunansa da ƙofar da zai bi zuwa jirginsa da lokacin tashi. Na kusa da shi, kafaɗa na gugar kafaɗa, shi ma nasa sunan da tasa ƙofar zai gani. Ba tabarau ake sakawa ba, ba kuma rufa-ido ba ne. Ɗigon hasken talabijin ɗin da muka sani launi ɗaya yake watsawa ta kowace fuska, shi ya sa duk 'yan ɗaki abu guda suke kallo. Shi kuwa wannan allo, wanda kamfanin Misapplied Sciences ya ƙera, kowane ɗigo a jikinsa yana iya harba launuka daban-daban zuwa kusurwoyi daban-daban, ga kuma wata na'ura daga sama tana bin inda kowa ya tsaya don a aika masa da nasa rabon. Sharaɗin guda ne: sai ka fara gabatar da kanka, ko dai ka nuna wa na'ura takardar shiga jirgi, wadda mutane da yawa yanzu a waya suke riƙe ta, ko ka bar kyamara ta gane fuskarka.

Wannan sharaɗi shi ne gundarin maganar. Allon da ke rataye a bango bai san kowa ba. Duk ranar da ka ga ya san ka, to wani ne ya faɗa masa, kuma galibi wannan wanin wayar da ke aljihunka ce.

Dalilin da ya sa ake son haɗa su ba shi da wuyar ganewa. Allo yana da girma, ana hango shi daga nesa, amma abin da yake faɗa na kowa da kowa ne, har mutane suka saba da wuce shi ba tare da ko kallo ba, don sun san talla ce kawai. Waya kuwa ta san harshenka, ta san jirgin da za ka hau, ta san lambarka a layin asibiti, sai dai fuskarta ƙarama ce. Masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila sun shafe shekaru suna gwada aurar da su. Da farko sun kafa alluna a harabar jami'ar, ɗalibi ya canza sunan Bluetooth na wayarsa zuwa abin da yake nema, taswira ce ko wani bidiyo, allon ya karanta sunan ya nuna masa. Daga baya suka juya tsarin, suka yi wani mai suna Tacita: maimakon allo ya riƙa laluben wayoyin masu wucewa, wayar ce take sanin ta matso kusa da allo, ta nemi a nuna abin da mai ita ya zaɓa, ba tare da mai allon ya san ko wane ne ba. A ganina wannan juyin da suka yi shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna duk irin wannan fasaha da shi: wa ya fara magana, kai ko allon? Kuma bayan ka wuce, me ya rage a hannun wa?

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari ko ɗalibi a Maraɗi da allon Detroit. Ruwansa tsundum, don mun daɗe muna yin abin, sai dai ba mu raɗa masa suna ba. Wanda ya ciri kuɗi a ATM ba tare da kati ba, da lambar da banki ya turo masa a waya, ya haɗa wayarsa da allon jama'a. Haka wanda ya buɗe WhatsApp ɗinsa a kwamfutar shagon buga takardu. Haka malamin da ya jona wayarsa da majigi a ɗakin taro, da angon da aka haska hotunan bikinsa a babban allo daga wayar abokinsa, da matafiyin da ya shigar da YouTube ɗinsa a talabijin ɗin ɗakin otal. Alamar nan mai ɗige-ɗige baƙi da fari, wadda ake kira QR, ita ce gadar da aka fi bi. Wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Hara, shi ya jagoranci ƙirƙiro ta a kamfanin Denso Wave a 1994 don bin sawun sassan mota. Yau ga ta a teburin mai kanti tun da aka fito da tsarin biya na NQR a Najeriya a 2021, ga ta kuma a jikin katin Nusuk da alhazai ke ratayawa a wuya.

Bari mu fara da wanda ya fi cin mutane, wato WhatsApp a kwamfutar da ba taka ba. Ka je buga takardar shaidar kammala karatu ko ta neman aiki, tana cikin wayarka. Yaron shago ya ce, "Yallaɓai, kawo ka yi sikanin kawai." Ya buɗe shafi, alamar QR ta fito, ka haska mata kyamara, nan take duk hirarrakinka suka zubo a allonsa. Aka buga takarda, ka biya, ka tafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tafiyarka ba ta yanke haɗin ba. Tun da WhatsApp ya sauya tsarinsa, na'urar da aka haɗa tana ci gaba da karɓar saƙonni ko da wayarka tana kashe, ko babu data a cikinta, kuma asusu ɗaya yana ɗaukar irin waɗannan na'urori har huɗu. In wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba haɗin yana tsinkewa da kansa, amma wanda yake riƙe da wayarsa kullum ba zai taɓa cika wannan wa'adi ba. Tamkar ka bai wa mutum makullin ɗakinka ne don ya ɗauko maka hula, ka karɓi hular, ka manta da makullin. Duk wanda ya zauna a gaban wannan kwamfuta bayanka zai iya karanta hirarka da iyalinka, ya ga hotunan da aka turo maka, ya kuma rubuta wa 'yan'uwanka da sunanka cewa kana cikin matsala a turo dubu ashirin. Su kuwa za su tura, don lambarka ce, hotonka ne, kuma mai rubutun ya karanta yadda kake magana da su.

Ba ina cewa masu shagunan nan ɓarayi ba ne. Mafi yawansu neman halaliyarsu suke, kuma sau da yawa su ma ba su lura an bar asusu a buɗe ba. Amma kwamfutar shago hannu nawa ke taɓa ta a wuni?

Maganin ba ya cin ko sisi. Idan takarda kake son bugawa, tura ita kaɗai zuwa lambar shagon, in an gama ka sa a goge ta kana tsaye, musamman in ta ƙunshi lambar NIN ko BVN. In kuwa dole sai an haɗa, to kafin ka bar wurin ka buɗe WhatsApp, ka shiga inda aka rubuta Linked devices, ko Appareils connectés ga masu waya da Faransanci, ka taɓa sunan kwamfutar, ka fitar da ita. Kada ka dogara da cewa yaron ya rufe shafin. Rufe shafi daban, fita daga asusu daban. Yana da kyau ma mutum ya riƙa leƙa wurin nan lokaci-lokaci ko bai je shago ba, ya kuma leƙa wa iyayensa da ba su iya karatun boko ba, don su ne ake karɓar wayarsu da sunan "bari in gyara miki, Hajiya." Akwai kuma wata sabuwar hanya: WhatsApp yana bari a haɗa na'ura ba da QR ba, da wasu haruffa da lambobi guda takwas da ake shigarwa a waya. Ɗan damfara sai ya sa lambarka a kwamfutarsa, haruffan su fito masa, ya turo maka su ya ce ka shigar don ka shiga jerin masu karɓar tallafi, ko don ka zaɓi 'yarsa a wata gasa. Kana shigarwa ka buɗe masa ƙofa da hannunka.

Sai maganar idon jama'a, wadda ta fi sauƙin fahimta amma ta fi saurin kunyata mutum. Hanya biyu ce ake aika abu daga waya zuwa talabijin ko majigi. A ɗaya, bidiyon da ka zaɓa ne kawai yake tafiya, wayarka tana nan da sirrinta. A ɗayar, wadda Samsung ke kira Smart View, wasu wayoyin kuma su kira ta da wasu sunaye, duk abin da ke fuskar wayarka shi ne a bango. Saƙon banki ya faɗo da ragowar kuɗinka, kowa ya gani. Lambar OTP, wato ta sirri da banki ke turowa, ta shigo, ta tsaya a saman allo daƙiƙa biyar, wanda ke kujerar baya da waya a hannu ya isa ya ɗauka. Ba a ma maganar saƙon uwargida da ya faɗo ana tsaka da lacca. Kafin ka jona, ka kashe fitowar saƙonni, ka buɗe abin da za ka nuna tun kafin a haɗa, kada ka shiga laluben hotuna a gaban taro, kuma kada ka taɓa buga lambar sirri alhali wayar tana haɗe, don madannan da kake taɓawa suna bayyana a allon. Talabijin ɗin otal kuwa, duk asusun da ka shigar ka fitar da shi kafin ka miƙa makulli. In ka manta, YouTube da Netflix duk suna da wurin da za ka kori na'urar daga nesa.

A nan masu kafa allunan ma akwai nasu laifin. Asibitin da zai rubuta cikakken sunan mara lafiya a allon zaure tare da sashen da zai shiga ya tona masa asiri ba tare da ya buɗe fayil ba, don sunan sashe kaɗai ya isa ya gaya wa maƙwabci abin da ke damun mutum. Abin da ya dace shi ne allo ya nuna lamba, sauran bayani ya tafi wayar mai lambar ko takardar da ke hannunsa.

Alamar QR tana da wani aibu da ba ya gyaruwa: ido ba ya iya karanta ta. Adireshin intanet in an rubuta shi da haruffa, mai lura zai iya gane na bogi. Ɗige-ɗige kuwa duk ɗaya suke a ido. A farkon 2022 hukumomi a biranen Austin da San Antonio da Houston na jihar Texas a Amurka sun tarar an lilliƙa alamun bogi a jikin na'urorin biyan kuɗin ajiye mota. Direba ya haska, a kai shi shafi mai kama da na gaske, ya zuba lambobin katinsa. A watan Janairun shekarar hukumar FBI ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a kan wannan salo. Damfarar ba ta buƙatar ilimin kutse, takarda mai gam ce kawai da minti ɗaya da ba kowa a wurin. Don haka in za ka haska alama a jikin ATM, ko gidan mai, ko kanti, shafa ta da yatsa ka ji ko wata aka ɗora a kan wata. In ka haska, yawancin wayoyi suna nuna adireshin kafin su buɗe. Tsaya ka karanta. In biya za ka yi, duba sunan da ya fito, ka tambayi mai kanti ko nasa ne kafin ka danna. Sannan a riƙe wannan: ba a buƙatar lambar sirrinka don a turo maka kuɗi. Duk alamar da aka ce ka haska don ka karɓi kyauta, ta kai ka inda ake neman PIN ko OTP ko a ce ka sauke wata manhaja, to kai ne kyautar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ita ma alamar da take taka, kada ka baje ta. Mutanenmu suna son sa hoton takardar shiga jirgi a Facebook da "sai mun dawo", musamman lokacin Umara. A 2020 tsohon Firaministan Ostireliya, Tony Abbott, ya sa hoton tasa a Instagram. Wani matashi masanin kwamfuta ya yi amfani da lambar da ke jikinta ya shiga shafin kamfanin jirgin, ya ga lambar fasfonsa da ta wayarsa. Shi ya kai rahoto ne, bai cutar da kowa ba. Na gaba ba lallai ya zama mai irin halinsa ba.

Duk waɗannan da saninka ake yin su, kai ka miƙa wayar. Akwai wanda ake yi ba sallama. Waya in Wi-Fi ɗinta yana kunne tana ta cigiyar hanyar da za ta kama, a da kuma kowace cigiya tana fita ne da wata lamba da ba ta canzawa, wadda ta bambanta wayarka da duk wata waya a duniya. A 2013 wani kamfani mai suna Renew, wanda ya kafa kwandunan shara masu allon talla a tsakiyar birnin Landan, ya sa wa wasu daga cikinsu na'urar da ke tsintar waɗannan lambobi daga aljihun masu wucewa. Da ita za a san wannan wayar kullum da safe ta nan take bi, ga saurin tafiyarta, ga inda take tsayawa, burin kuwa shi ne a kai ga nuna wa kowa tallar da ta dace da shi. Da labarin ya fasu, hukumar birnin ta sa aka dakatar a watan Agustan shekarar. A 2014 Apple ya fara sa wayoyinsa su riƙa cigiya da lambar ƙarya mai sauyawa, Android ma ya bi sahu daga baya. Wannan ya rage ɓarnar sosai, amma wanda ke riƙe da tsohuwar waya da ba a sabunta ba bai samu wannan kariya ba, wanda kuma ya shiga Wi-Fi na kyauta ya rubuta lambar wayarsa a shafin shiga, ya bayar da abin da ya fi waccan lamba daraja.

Wasu ba su tsaya a nan ba. A 2016 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta gargaɗi masu manhajojin da suka cusa fasahar kamfanin SilverPush, wadda ke sa waya ta riƙa sauraron wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, ana ɓoye shi a cikin tallar talabijin, don a san mai wayar ya kalli tallar. Shi ya sa in manhajar tocila ko ta wasan yara ta nemi izinin amfani da makirufo, sai a tambayi kai me za ta yi da shi. A Kanada kuma, a 2020, kwamishinan kare sirrin jama'a ya bayyana cewa kamfanin Cadillac Fairview ya sa ƙananan kyamarori a jikin allunan nuna hanya a manyan kantuna 12, aka tara bayanan fuskoki kimanin miliyan 5 don ƙiyasta shekaru da jinsin masu sayayya. Kamfanin ya kafa hujja da 'yar sanarwar da ya liƙa a ƙofofin shiga. Masu binciken suka ce wannan bai kai a kira shi neman izini ba. Kai kana kallon taswirar kanti, taswirar tana kallonka.

Alluna masu haske sun fara cika manyan titunan Abuja da Kano da Yamai, kuma kayan da ake sayowa daga waje sukan zo da duk abin da aka ƙera su da shi. Gara a san haƙƙi tun kafin a buƙace shi. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta ba mutum damar tambayar kamfani ko wane bayani yake riƙe da shi a kansa, ya nemi a gyara ko a goge, ya janye izinin da ya bayar, ya kuma kai ƙara hukumar in an ƙi saurarensa. Nijar tana da tata hukumar, HAPDP, bisa dokar da aka fara yi a 2017. Ghana ta riga su, tun 2012. Gurguntar dokar a nan ita ce mai wucewa a titi bai san an ɗauki komai ba, balle ya san wanda zai tambaya. Don haka nauyin ya fi rataya a wuyan hukumomin da ke ba da izinin kafa alluna: su tambayi abin da ke cikin akwatin, kyamara ce ko na'urar tsintar waya, su kuma tilasta a rubuta sanarwa a jikin allon da harshen da mutanen unguwar ke karantawa, ba da Turancin lauyoyi a bayan ƙofa ba.

Abin da ke hannun mutum shi kaɗai ba shi da yawa, amma yana aiki. Kashe Wi-Fi da Bluetooth in ba amfani kake da su ba. Batirinka ma zai gode maka. Masu iPhone su bar AirDrop, wato hanyar aika hoto zuwa wayar da ke kusa, a kan mutanen da suka sani, don ta nan ake jefo wa mata hotunan batsa a cikin jirgi da mota, abin da ya sa Ingila ta mayar da shi laifi a dokarta. In ka soka wayarka a ramin cajin wani allo ko kujerar jirgi, ta tambaye ka ko ta amince da na'urar ko ta buɗe mata fayiloli, ka ce caji kawai.

In kuwa aikin gama ya gama, ka haska alamar bogi ka zuba lambobinka, kada ka tsaya jin kunya ko jiran gari ya waye. Mintunan farko su ne masu tsada. Bankunan Najeriya suna da gajerun lambobi da ake dannawa a rufe asusu ko kati nan take, da yawansu ko daga wayar wani ce. Nemi ta bankinka yau, daga bakin ma'aikacin banki ko takardarsu, ka rubuta ta a ajiye a gida. Bayan rufewa ka canza kalmar sirri, ka kori duk na'urar da ba ka gane ba daga WhatsApp da imel ɗinka, ka kunna matakin tsaro na biyu na WhatsApp mai lambobi shida, sannan ka kira 'yan'uwa da murya ka shaida musu kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.